Su sun yi wa dutsen bakin hanya takarda, mu muna loda namu a amalanke



Ranar 3 ga Satumba 2024 ruwan sama ya kwantar da tsohon masallacin unguwar Birni a Damagaram, ginin ƙasa da ke tsaye tun tsakiyar ƙarni na 19. Duk mun ga hoton. Ya zagaya Facebook da WhatsApp, kowa ya rubuta innalillahi, wasu suka zagi hukuma, wasu suka ce ƙaddara ce, bayan sati biyu aka koma maganar tsadar shinkafa. Wannan fa masallaci ne da ke tsakiyar birni, kusa da fadar Sarkin Damagaram, wanda baƙi ke zuwa ɗaukar hotonsa. In wanda ke gaban idon kowa ya iya zubewa haka, to ku gaya mana halin da na cikin daji yake ciki: kufai, tsohuwar rijiya, ganuwar dutse, kukar zango, filin da aka yi yaƙi. Su ba sa faɗuwa rana ɗaya balle a ɗauki hoto. Kwashe su ake yi amalanke bayan amalanke, kuma babu mai cewa innalillahi.

Za mu ɗauko misali daga nesa. Mun san tun ba mu gama ba wani zai ce me ya haɗa mu da gicciye, mu da muke Musulmi. Ka yi haƙuri malam, karanta har ƙasa, a kan hanya za mu amsa maka.

A karkarar Ingila, musamman kudu maso yamma, yankin Kornwal da tudun Datmur, akwai waɗansu gicciye na dutse da aka kafa a bakin hanyoyi tsakanin ƙarni na 9 da na 15. Waɗanda aka sani sun haura 350. Ba wasu manyan gine-gine ba ne. Da yawansu ba su kai tsawon mutum ba, an sassaƙa su ne da irin dutsen nan mai tauri da ya cika garin Damagaram, ruwa da iska sun cinye zanen har wani sai ka matsa kusa za ka gane abin da aka so a zana. Aikinsu na addini ne, amma kuma na hanya ne: a dajin da hazo ke rufe ido, su ne ke nuna wa matafiyi inda zai bi, su ne ke nuna hanyar da ake ɗaukar gawa daga ƙauye zuwa majami'a. Wato aikin da kuka ko tsamiya ko tarin duwatsu suka yi wa fatake da masu jakuna a nan ƙasarmu.

To ga abin da ya sa muka kawo su. Yau dutsen nan da aka sa cikin jerin kayan tarihi yana da lamba, kamar yadda kai kake da lambar katin ɗan ƙasa. Akwai taswirar inda yake. An rubuta tsawonsa, faɗinsa, abin da aka zana a jikinsa, da wace hanya yake nunawa. Sau da yawa har ƙasar da ke kewaye da shi, mita 2 ta kowane gefe, tana cikin abin da aka kare. Dokar da ke aiki a kansa ta shekarar 1979 ce, kuma ta gaji wata tun ta 1882. Manomi yana noman gonarsa, gonar tana nan tasa, amma in ya zo wurin dutsen sai ya kewaye. In ya tumɓuke shi ko ya gusar da shi ba da izini ba, kotu ce. A Faransa ma haka ne, dokarsu ta 31 ga Disamba 1913, kuma daga 1943 aka ƙara cewa gini a cikin mita 500 kewaye da abin tarihi, in ana hango shi daga wurin, sai ma'aikacin hukuma ya duba.

Kada wani ya ce ai halin Bature ne, shi an haife shi da son tsohon abu. Ƙarya ne. Su ma sun farfasa nasu. A ƙarni na 16, da rikicin ɗariƙu ya tashi tsakanin Kiristocin Ingila, an karya gicciye da yawa da sunan cewa bautar gumaka ce. A 1643 majalisarsu da kanta ta ba da umurni a rushe irin waɗannan abubuwa. A Faransa juyin juya hali ya yi nasa ɓarnar a 1793. Waɗanda suka tsira kuma, manoma suka mai da su abin amfani: wannan ya zama ginshiƙin ƙofar garke, wancan aka kwantar da shi a kan ƙorama ana takawa. Daidai abin da muke yi yau. Abin da ya juya lamarin shi ne mutane ƙalilan da suka ɗauki alƙalami suka bi ƙauye ƙauye suna tambayar tsofaffi, suna aunawa, suna zanawa. Wani mai suna Arthur Langdon ya fitar da littafi kan na Kornwal a 1896. Da abu ya shiga takarda, sai ya zama in ya ɓace za a tambayi wani. Iyakar sirrin ke nan.

Yanzu mu dawo gida. A nan yammacin jahar Damagaram, ba nisa da mu, akwai Kufan Kanawa. Sunan kaɗai ya isa ya tsai da mutum. Tsofaffi suna cewa nan mutanen Kano suka zauna kafin su gangara kudu. Ko haka ne ko ba haka ba ne, masana na ta muhawara, amma abin da ido ke gani ba ya buƙatar muhawara: ganuwa ta dutse mai tsawon kilomita da dama, ta kewaye fili mai faɗin gari, ƙasa cike da fasassun tukwane. A farkon shekarun 2000 wata mai binciken kayan tarihi daga wata jami'ar Ingila, Anne Haour, ta yi tono a wurin, kuma awon da aka yi ya nuna mutane sun zauna can tsakanin ƙarni na 14 da na 17. Ku lura da shekarun. Lokacin da ake kafa na ƙarshe cikin gicciyen nan na Ingila, a nan ƙasarmu wasu mutane suna jera duwatsu suna kewaye gari guda. Tun kafin a kafa sarautar Damagaram, tun kafin Sarki Tanimun ya gina ganuwar Birni da ɗaruruwan shekaru.

Nawa daga cikinmu suka taɓa zuwa? Mu da muka yi lakwal, mun haddace kogunan Faransa da sunayen sarakunanta, mun zana taswirar Turai a jarrabawa, amma in aka tsai da mu a tashar Takeita aka ce mu nuna hanyar Kufan Kanawa, sai mu nemi mai kabu-kabu ya cece mu. Wanda ke son karanta abin da aka gano a wurin, sai ya nemi littattafan Ingilishi da aka buga a Turai. Ɗan ƙauyen da ke kiwon awaki a gindin ganuwar, shi ya san kowane dutse, amma babu wanda ya taɓa ce masa abin da ke ƙarƙashin ƙafarsa ya girmi fadar Sarki. To ranar da mai gini ya zo da kamyo ya ce zai ba shi jika biyu ya loda masa duwatsun tushen gida, don me zai ƙi? Mu ba ma ganin laifinsa. Laifin na wanda ya sani ne ya yi shiru.

Sai Tirmini. Duk mai zuwa Damagaram daga nan sai ya ratsa ta. A ƙarshen watan Yuli 1899 nan ne dakarun Sarki Amadu Kuran Daga suka tari sojan Faransa, ragowar ayarin Voulet da Chanoine da ya ƙona garuruwa tun daga bakin kogin Kwara, ya yi kisan gilla a Birnin Ƙonni. An ci Damagaram da yaƙi a ranar, kuma cikin watan Satumba aka kashe Sarkin a Rumji. Mun sa wa babban lise na Damagaram sunansa, madalla. Amma filin fa? Ginin tunawa ko allo a bakin kwalta abu ne mai kyau, sai dai shi ba ya hana a yanka wuri a sayar. Abin da ke hanawa shi ne a auna: daga nan zuwa nan aka gwabza, a nan tsofaffi suka ce an binne mutane, wannan yanki ba a haƙa shi, ba a gina shi. Garuruwan bakin hanya suna faɗaɗa kowace shekara, kowa ya ga yadda ake rabon filaye. Fili ba ya magana. In ba a rubuta shi ba, rana ɗaya za a wayi gari an kafa masa tubali.

Kuma ga abin da ke ƙona mana rai. Ka bi hanyar nan yamma zuwa Tasawa, a Maijirgi, kowa zai nuna maka inda aka ce kabarin Voulet da Chanoine yake, mutanen da sojojinsu suka harbe a tsakiyar Yulin 1899 bayan sun kashe Kanal Klobb a Dankori. Masu kisa an san makwancinsu, 'yan jarida na zuwa, an yi fim. Waɗanda aka kashe kuma, na ƙauyukan da aka ƙona, na rijiyoyin da aka cika da gawa, sunayensu da wurarensu suna bakin tsofaffi ne, kuma tsofaffin muna kai su maƙabarta ɗaya bayan ɗaya. A Oktoban 2024 an canza sunan titin de Gaulle a Yamai ya koma Djibo Bakary. Mun yi murna, ba mu ɓoye ba. Amma canza allon titi aikin yini ɗaya ne da gwangwanin fenti. 'Yancin kai da muke ta faɗa a bakin makirfo, in bai kai ga sanin inda kakanninmu suka faɗi ba, to bai fita daga Yamai ba tukuna.

Ƙasar nan ta riga ta ɗanɗana irin wannan asara. Itacen Tenere, ƙwaya ɗaya tal a tsakiyar hamada, alamar hanya ga ayarin gishiri tsakanin Agadas da Bilma, har a taswirar duniya ana sa shi. A 1973 wani direban kamyo ya banke shi. Sai bayan ya mutu aka ɗauko gawarsa aka kai gidan tarihi na Yamai aka gina mata rumfa, aka kafa na ƙarfe a madadinsa. Haka muke: muna iya yi wa abu makoki, ba ma iya tsaronsa yana raye. A Bura, can yammacin ƙasa, an gano tukwanen binne mutane masu kawunan mutum-mutumi a 1975, Boubé Gado ya yi tono a 1983, duniya ta gani ta yaba, daga nan masu haƙa da dare suka afka wa yankin. Yau kayan Bura suna cikin jerin ja na kayan Afirka da ake sata ana sayarwa a ƙetare. Wanda ya haƙa ya samu na cefanen sati guda. Wanda ya saya a Turai ya samu abin gadon jikokinsa.

Za a ce babu doka. Akwai. Doka mai lamba 97-022 ta ranar 30 ga Yuni 1997 tana nan kan kare kayan tarihi da al'adu na ƙasa, ta tanadi a ƙidaya su, a sa su cikin jeri, wanda aka sa kuma ba a taɓa shi sai da izini. Tun 2006 Nijar ta miƙa sunan tsohon garin Damagaram, unguwar Birni da fadar Sarki, cikin jerin jira na UNESCO. Agadas ta shiga babban jerin a 2013. Birni na nan cikin jira har masallacinsa ya gaji ya kwanta. To in abin da aka rubuta sunansa a Paris haka ya ƙare, ina ga kufan da sunansa bai taɓa isa teburin magajin gari ba? Dokar da ke cikin durowa a Yamai, da Faransanci, ba ta tsai da amalanke a Garagumsa. Ku tambayi mai garinku ko an taɓa karanta masa ita da Hausa. Ku tambayi kansilan da kuka zaɓa, ko wanda aka naɗa ya riƙe kwamin ɗinku, ko ya san lambarta.

Yanzu ga malam da muka ce ya jira. Duk lokacin da muka taɓo wannan magana a rediyo, sai an bugo waya an ce: wannan shirka ce kuke son dawo da ita, girmama duwatsu da itatuwa aikin maguzawa ne. Muna girmama mai wannan damuwa, don mun san daga ina ta fito. Gaskiya ne akwai duwatsu da kukoki da aka yi wa yanka a ƙasar nan, kuma malamai sun sha wahala kafin a bari. Amma auna ganuwa da rubuta ta a littafi ba yanka ba ne. Babu wanda ya ce a roƙi dutse ruwan sama. Saudiyya, wadda babu mai zarginta da sassauci kan wannan batu, ita ta kai Mada'in Salih gaban UNESCO aka karɓa a 2008, kaburburan mutanen da suka rayu tun kafin Musulunci, ta sa masu gadi. Hanyar alhazai daga Kufa zuwa Makka, wadda ake kira da sunan Zubaida matar Halifa Haruna Rashid, tana da tafkunan ruwa da alamomin dutse na bakin hanya, kuma ana adana su ana nazarinsu. Su ma alamomin hanya ne, irin gicciyen can, irin kukokinmu. A ɗaya gefen kuma mun ga abin da aka yi a Tumbutu a 2012, da aka bi hubbaren waliyyai da diga. Mutanen garin, Musulmi jikokin malamai, su suka yi kuka, su suka sake ginawa, wanda ya jagoranci rushewar kuma kotun duniya ta ɗaure shi shekara 9 a 2016. Kuma dan Allah a duba: yawancin abin da muke magana a kai ma na Musulmi ne. Rijiyar da wani bawan Allah ya haƙa sadaka a kan hanyar Kano, masallacin matafiya da aka zagaye da duwatsu a bakin zango, maƙabartar kufai. Wane tauhidi ne ya ce a bar kamyo ya bi ta kan kabarin Musulmi?

Na biyu shi ne mai cewa ciki ya fi. Ana fama da yunwa, da tsaro, da asibiti ba magani, ku kuna maganar duwatsu. Wannan ya fi na farko nauyi, kuma ba za mu yi masa ƙaryar da ake yi a taruka ba, cewa 'yan yawon buɗe ido za su zo da kuɗi. Ba za su zo ba, ba yanzu ba, kowa ya san halin da hanyoyi suke ciki. Amsarmu ita ce abin da muke nema ba ya cin kuɗin magani. Littafi ne, da awo, da sa hannu. Wayar da kake karanta wannan rubutu da ita tana iya ɗaukar hoto, tana iya nuna daidai inda kake tsaye a doron ƙasa. Langdon ba shi da irin wannan waya. Kuma wa ya ce tsohuwar rijiya ba maganar ciki ba ce? Inda kakanni suka haƙa suka samu ruwa, ilimi ne game da ƙasar. Kukar da ke tsaye a tsohon zango, miyarta ake sha a gidaje goma. Mai kwashe duwatsun ganuwa daga gefen tudu, shi ke buɗe wa ruwa hanya ya yanka gonar maƙwabcinsa.

Na uku ba ya bugo waya, shi ne ya fi haɗari. Shi ne mai ofis da zai ce maka wannan aikin minista ne, a rubuto takarda, a jira masu ba da tallafi. Mun taɓa zuwa wani ofishi neman jerin wuraren tarihi na yankinmu domin shirin rediyo. Aka ce mu dawo gobe, gobe aka ce mai makullin ya tafi taro, daga ƙarshe wani ya ce mana cikin raha, ai ku 'yan jarida ku kuka fi mu sani. Dariya aka yi, mu ma muka yi, amma a kan babur muna komowa abin ya daina ba mu dariya.

Abin da ya sa ba mu yarda da jiran Yamai ba shi ne Takeita ta riga ta nuna ana iyawa. Gandun dajin Takeita tun zamanin Turawa aka killace shi a takarda, kuma takardar ba ta hana shi lalacewa ba: ana sara, ana noma a ciki, kowa na cewa na gwamnati ne, wato ba na kowa ba. Daga 1995 zuwa 2000, tare da ƙungiyar SOS Sahel, aka zaunar da ƙauyukan kewaye da makiyaya, har da masu zuwa da rani su wuce, aka kafa ƙungiyar Ku Tayani, aka damƙa mata kula da dajin. Mutanen da aka ce su ne masu ɓarna, su suka zama masu tsaro. Har ƙasashen waje an rubuta labarin. Ba mu ce komai ya tafi daidai tun daga ranar ba, mu 'yan nan ne, mun san inda ake ƙorafi. Amma darasin bai goge ba: abu yana tsira ne ranar da mutanen da ke kwana kusa da shi suka san nasu ne, kuma hukuma ta sa hannu ta amince.

Ga kuma burtali. Tun dokar karkara ta 1993 aka kafa kwamitocin filaye, daga na departema har na ƙauye. Su ne ke bin hanyar dabbobi suna kafa ginshiƙan siminti don kada gona ta cinye ta. Kowa ya gan su a daji. Manomi ya san in ya tsallaka ginshiƙin nan akwai magana. To mutanen da suka iya auna hanyar shanu kilomita da kilomita, me zai hana su auna kufai? Ma'aikatan suna nan, sarakuna da masu gari suna cikin kwamitin, littafin rajista yana nan. Abin da ya rage shafi ɗaya ne da ba a buɗe ba.

Saboda haka ga abin da muke nema, kuma daga kwamin uku na departemarmu muke nemansa, ba daga UNESCO ba. Kowane mai gari ya tara dattawansa, maza da mata, don tsofaffin mata sun fi riƙe sunayen rijiyoyi da kufai, a faɗi wuraren da ke ƙasarsa da abin da aka sani game da su. Malamin lakwal ko na makarantar allo ya rubuta, da boko ko da ajami, duk ɗaya. Matashi mai waya ya ɗauki hoto da wurin. Kwamitin filaye ya zo ya auna, a kafa ginshiƙi, a ba wurin lamba, kwafi ɗaya wajen mai gari, ɗaya a ofishin magajin gari, ɗaya a aika wa ma'aikatar al'adu ta jaha don a nemi shigar da manyan cikin jerin ƙasa ƙarƙashin dokar 1997. Mai gona ba a ƙwace masa gona. Ya ci gaba da shuka hatsinsa kamar yadda manomin Kornwal ke yi, sharaɗin kawai kada a haƙa, kada a kwashe, kada a sayar wa mai gini. Wannan batu na gona shi ne inda za a yi rigima, mun sani, don da zarar mutum ya ga an zo da abin awo sai gabansa ya faɗi, kuma yana da dalili, an sha cin amanarsa da sunan aikin hukuma. Shi ya sa dole maganar ta fito daga bakin mai gari a gaban jama'a, a rubuta a takarda cewa gonar tana nan tasa, a ba shi nasa kwafin ya ajiye.

Jami'ar André Salifou tana Damagaram, kilomita hamsin ne kawai daga nan, tana ɗauke da sunan mutumin da ya rubuta tarihin sarautar Damagaram tun 1971. Ɗalibanta suna neman abin da za su yi bincike a kai kowace shekara. A turo su. Ɗalibi ɗaya, ƙauye biyar, damina ta wuce ya kawo rahoto, a ba mu kwafi mu karanta da Hausa a rediyo. Su kuma masu kwangilar hanya da masu sayar da dutse da tsakuwa, a rubuta musu a cikin izininsu inda ba a ɗiba. Wanda ya ɗiba a wurin da ke da lamba, a ci shi tara kamar yadda ma'aikatan gandun daji ke cin wanda ya sare gawo. In ana iya kama talaka kan reshen itace, ana iya tsai da kamyo kan ganuwar shekara ɗari shida.

Mu a namu ɓangaren mun buɗe littafi a gidan rediyo. Duk wanda ya san kufai, tsohuwar rijiya, zango, ganuwa, maƙabarta ko wurin yaƙi a ƙasarsu, ya rubuto a ƙarƙashin wannan rubutu ko ya aiko da saƙon murya: sunan wurin, ƙauyen da ya fi kusa, da wanda ya ba shi labarin in ya yarda a faɗa. Abu ɗaya muke roƙo, in wuri ne da ake tsintar tukwane ko ƙarafa ko duwatsun wuya, kada ku bayyana shi a fili, ku aiko mana a asirce, don masu haƙa da dare su ma suna da Facebook. Abin da ya taru za mu buga shi a takarda mu kai wa magadan garin Garagumsa, Tirmini da Dakusa hannu da hannu, mu nemi su sa mana tambari da kwanan wata a kan kwafinmu, sannan mu karanta muku ranar da kowannensu ya karɓa.